Ɗana, Kada Fenti Ya Ruɗe Ka: Nasiha Kan Filtar Baƙin Mai

Ɗana, tunda Allah Ya sa makullin mota ya shigo hannunka, ko taka ce ta kanka ko ta maigida ce aka damƙa maka, zauna mu yi maganar wani abu da direbobi da yawa ba sa ɓata ko minti biyar a kansa. Filtar baƙin mai nake nufi, ɗan gwangwanin nan da ake murɗawa a gefen inji ranar juyen mai. Za ka ga mutum ya tsaya kai da fata a kan irin tayar da za a sa masa, ya yi ciniki mai zafi a kan batir, ya zaɓi jarkar mai da hannunsa, amma da an zo kan filta sai ya miƙa wa yaron gareji kuɗi ya ce, "Je ka samo wadda za ta shiga." Wadda za ta shiga! Wannan furuci ya kwantar da motoci da yawa a gefen titi.

Ka dubi inda kake neman abinci. Tun da aka kafa kasuwar Dawanau a 1985 ta zama matattarar hatsin Arewa: gero, dawa, masara, wake, ga riɗi da zoɓo da ake kaiwa bakin ruwa a Legas. Mota ta yi lodi a nan, wata ta bi ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya ta faɗa Katsina, ta wuce Jibiya ta nufi Maraɗi. Wata ta bi Ɗambatta da Kazaure zuwa Daura. Wata ta juya kudu, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. Ga 'yan Kanta da a-kori-kura da ke kutsawa ƙauyukan Dawakin Tofa da Tofa da Bagwai a kan burji da turɓaya, su kwaso amfani daga bakin gona. Kaɗan ne a cikinsu ke tafiya da iya nauyin da kamfani ya rubuta, kowa ya san ana ɗora wa mota fiye da ƙima. Injin da ke wannan aiki yana shan zafi da nauyi da ƙura a lokaci guda, kuma abin da ke tsare masa man da yake rayuwa da shi shi ne gwangwanin da ka tura yaro ya samo.

Fara da sanin abokin gabarka. A cikin lafiyayyen inji ƙarfe ba ya gogar ƙarfe. Kiranshaf yana juyawa ne a kan siririn mai da ke shiga tsakaninsa da metal, kuma tazarar wurin da maikiron ake auna ta, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kan mutum wajen maikiron 70 ne, ido kuwa ba ya ganin abin da ya gaza 40. A ƙananan motoci tazarar metal takan kama daga 25 zuwa 75, kuma idan mota ta ɗauki kaya tana hawa tudu, man da ke wurin yakan matse ya koma 'yan maikiron kaɗan. To ƙwayar ƙasa ko ɓarɓashin ƙarfen da bai wuce maikiron 10 ko 20 ba, wanda ko an zuba maka a tafin hannu ba za ka gani ba, in ya shiga wannan tazara sai ya yi ta kankarar metal yana haifar da wani sabon ɓarɓashin, shi ma ya shiga aikin. A 1988 wani injiniyan kamfanin General Motors a Amurka, David Staley, ya fitar da sakamakon gwajin da ya yi a kan wannan. Ya nuna cewa in aka bar filtar da ke tare maikiron 40 aka koma mai tare 30, zaizayar inji tana raguwa da rabi, in aka sauka zuwa 15 kuma ta ragu da kashi 70 cikin ɗari. Mu kuwa a nan ƙura ba baƙuwa ba ce. Hazon hunturu da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wani kaso mai yawa nasa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi iska ke kwaso shi, kuma ƙwayar yashin da ke cikinsa ta fi ƙarfen inji tauri. Ka haɗa da ƙurar casa da ƙaiƙayin da ke tashi a kasuwa duk yini.

Yanzu me ke cikin gwangwanin? Babban abu takarda ce ta musamman da aka naɗe ninki-ninki don ta sami faɗi, aka manne samanta da ƙasanta, aka sa bututun ƙarfe mai huji-huji a tsakiya don kada ta lotse. Duk man inji, ko lita 4 na ƙaramar mota ko lita 30 zuwa 40 na tirela, ta nan yake bi ya sake bi muddin inji na aiki. Filtar kirki takardarta tana da yawa, ninkinta daidai-wa-daida, mannin kuma ba ya narkewa don zafi. Jabu takan zo da rabin takardar, wani wuri a cushe wani wuri a buɗe, mannin ya saki bayan 'yan kwanaki mai ya sami hanya ta gefe ya wuce abinsa.

Amma inda nake so ka kasa kunne sosai shi ne wata 'yar ƙofa mai sifirin da ke cikin filta. Aikinta ke nan: da asubar sanyi lokacin da mai ya yi kauri, ko ranar da takarda ta toshe da dauɗa, sai ƙofar ta buɗe mai ya wuce ba tacewa, domin mai datti ya fi babu. Kamfanin da ya ƙera inji shi ya ƙayyade ƙarfin da za ta buɗe a kai, a motoci da yawa wajen bar 1 ne a ma'aunin matsi, a wasu ya fi haka. In sifirin ya yi laushi, ƙofar za ta kwana a buɗe ta yini a buɗe, mai yana zagayawa da dattinsa, gejinka kuma yana nuna lafiya lau. Babu ƙara, babu hayaƙi, babu jar fitila. Sai bayan watanni ka ji inji ya fara shan mai, ƙarfinsa ya ragu, wata rana ya buga a tsakiyar daji, a ce tsautsayi ne. Ba tsautsayi ba ne, ɗana, sakaci ne da aka yi tun ranar juye. In kuma babu ƙofar gaba ɗaya, ko ta yi tauri fiye da ƙima, ranar da takarda ta toshe ko dai ta yage ko metal ya rasa mai. Wani injin ma ƙofarsa a jikinsa take, filtarsa ba ta zuwa da ita. Ke nan filta biyu za su iya zama girmansu ɗaya, zarensu ɗaya, dukansu su ɗauru tsaf, ɗaya ta injinka ce ɗaya ajalinsa ce. Shi ya sa ake sayen filta da lamba. Ka nemi lambar da littafin motarka ya rubuta, ko wadda ke jikin filtar asali da ta zo da ita, ka rubuta a wayarka da cikin littafin lodi. In za a ba ka ta wani kamfani, mai shago ya buɗe maka kundin da ke nuna cewa wannan lamba ita ce madadin waccan.

Akwai kuma wata roba zagayayya a ƙarƙashin hujojin da ke fuskar filta, wadda ke hana mai zurarewa ya koma tukunya idan an kashe mota. In ka tayar da inji da safe ka ji yana ƙaf-ƙaf-ƙaf na ɗan lokaci, fitilar mai kuma ta yi jinkirin mutuwa, ka fara zargin wannan roba. Mai launin ja ko ruwan lemo yawanci silikon ce, ta fi baƙar jure zafi ba ta ƙandarewa da wuri, ko da yake masu jabu su ma sun iya rini.

Na san abin da ke yawo a wayoyinku. Kuna kallon motocin tsere, kuna ganin filta mai sheƙi da tutar dara-dara a jikinta, wani ya ce maka tunda motar tsere ma ita take sa wa, ai taka sai ta huta. Tsaya ka ji yadda abin yake. Injin tsere yana juyi 8,000 ko 9,000 a minti, na Formula 1 ya haura 10,000, alhali injin tirelarka tsakanin 1,200 da 2,000 yake yini. A irin wancan gudun abin tsoro shi ne mai ya yanke ko na ƙiftawar ido, saboda haka filtar tsere ta gaskiya an gina ta ne don mai ya wuce da yawa cikin sauri. Gwangwaninta yana da kauri don kada matsi ya fasa shi, wata ma da kan noti mai huji da ake ɗaure wa waya don kada jijjiga ta kwance ta. Duk wannan abin yabo ne. Sai dai akwai abin da aka sadaukar: tacewa. Akwai filtocin tsere da hujin takardarsu ya kai kusan maikiron 60, alhali ta motar yau da kullum tana tare daga 20 zuwa 30. Su ba su damu ba, domin da an gama tsere za a zubar da man, a jefar da filtar, sau da yawa a warware injin a duba shi ƙusa-ƙusa. Motar da ta yi tseren awa 24 na Le Mans a Faransa takan ci wajen kilomita 5,000, kuma ba wanda ke sa ran gobe ta ɗauki buhu 300 ta nufi Legas. Kai injinka ana so ya ci dubban ɗaruruwan kilomita kafin a buɗe shi. In ka ɗaura masa filtar tsere ta gaske, ka ƙara kuɗi ka sayi ƙarancin tacewa. In kuma fenti ne kawai da tuta, to ka san sauran.

Idan darasi kake nema wajen masu tsere, akwai shi, kuma ba a kanti ake sayarwa ba. Tseren Paris zuwa Dakar, wanda ya fara tashi a Disambar 1978, ya sha ratsa ƙasar Nijar ta Agadas da Yamai kafin a mai da shi Kudancin Amurka a 2009, daga baya Saudiyya a 2020. Waɗannan motoci irin ƙurarmu suka sha. Abin da ke kai mota ƙarshen irin wannan tafiya shi ne manyan motocin da ke biye da kayan gyara, da kanikawan da ke kwana a ƙarƙashinta kowane dare suna dubawa suna canzawa kafin abu ya lalace. Kuma akwai ɗabi'a guda da kanikawan tsere da na ƙananan jiragen sama suka yi tarayya a kai, wadda nake so ka ɗauka: ba sa jefar da tsohuwar filta sai sun yanka ta sun ga abin da ta kama.

Wannan bai kamata ya zama baƙon abu ga ɗan Dawanau ba. Wane ɗan kasuwa ne a nan ke sayen buhu don rubutun da ke jikinsa? Ƙarfe ake soka masa a zaro daga tsakiya da gindi, a murza a tafin hannu, a ga ko akwai tsakuwa ko ƙwaro ko danshi. To ka yi wa filta haka. Ranar juye ka ce a ajiye maka tsohuwar, ta tsane, a yanke ta ta wajen gindi da almakashin kwano ko kurfi, ba zarto ba, don kada garin zarto ya ruɗe ka. Ka ware ninkin takardar a rana. Baƙi kawai ba komai ba ne, musamman a injin gas, toka ce ta ƙuna. Amma in ka ga ƙyalli mai launin tagulla ko zinariya, metal ya fara ci. In fari ne kuma maganaɗisu ya ɗauke shi, wani ƙarfe ne ke zaizayewa. In ka ji tsaki-tsaki a yatsa, ƙasa tana shiga ta wani wuri. Wanda ya ga wannan da wuri zai canza metal a garejin unguwarsu, wanda bai gani ba sai dai a neme shi da janwe. Sannan ka dubi ginin filtar kanta: takardar ta lotse? mannin ya saki? ƙofar nan tana nan kuwa? Daga nan za ka san ko mai shagon da kake wa ciniki mutumin kirki ne. Ku biyar ma a tasha kuna iya haɗa kuɗi ku sayi sabbi iri uku da aka fi kawo muku, ku yanka a gaban kowa. Wannan asara ce mai riba.

A Ƙofar Ruwa, kamar kowace kasuwar kayan gyara, akwai mai kyau akwai na banza, kuma masu shago da yawa ba sa ɓoyewa. Za su tambaye ka, "Orijinal kake so ko mai sauƙi?" Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 naira kuma ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, mai sauƙin ta ƙara samun kasuwa. Ban raina halin da ake ciki ba. Amma ka yi lissafin da kanka. Abin da ke tsakanin kuɗin mai kyau da na jabu bai kai kuɗin buhun gero ɗaya ba. Ɗaya ɓangaren kuwa akwai wankin kiranshaf, sabon metal, zobba, gaskit, kuɗin aiki, kuɗin janwe, sauke kayan mutane a mayar wata mota, da makonnin da za ka yi ba ka shigo da ko sisi gida ba. In motar mai tabo (turbo) ce ka ƙara da kuɗinsa, domin shi ne ke fara jin jiki in mai ya ƙazantu. Araha ba ta ado.

Sunayen da suka yi fice a wannan sana'a sanannu ne: Mann, Mahle, Bosch, Fleetguard, Donaldson, Baldwin, da waɗanda ke zuwa a kwalin kamfanin motar kansa. Sai dai sunan da ya fi fice shi aka fi kwaikwaya. Hukumar SON takan kama jabun kaya, amma ba za ta tsaya maka a kowane kanti ba. Ka ɗauki filtar a hannu ka ji nauyinta, ka leƙa cikin ramin da tocila, ka duba zaren ko yana da ƙaiƙayin ƙarfe, ka shinshina. Warin fetur ko tsatsa ko alamar sabon fenti a kan lotsa suna nufin tsohuwa ce aka wanke aka sake wa riga. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa shi ma magana ce. Duk da haka masu jabu sun ƙware har kwali da hatimi, saboda haka babbar garkuwarka ita ce mai shago ɗaya da ke da wurin zama, wanda zai rubuta maka rasit da lambar filtar a jiki, wanda kuma za ka iya komawa ka ajiye masa yankakkiya a kan teburinsa.

Ga maganar da ta fi min nauyi, kuma ba zan sassauta ta ba. Maigida ya ba ka kuɗin juye cikakke, na mai da na filtar asali. Ka sayi mai sauƙi ka soke canjin a aljihu, ko ku haɗa baki da bakanike a goge tsohuwar a mayar. Ba wanda ya gani, mota kuma ta tashi. Ka tuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kasuwar abinci ya cusa hannu cikin tarin hatsi ya ji danshin da aka ɓoye a ƙasa, kuma a nan ya yi kakkausan gargaɗin da muka sani a kan algus. Ɓoye aibi a cikin gwangwanin da ba a gani da ɓoye shi a gindin buhu duk abu ɗaya ne. Mai motar nan wataƙila gonarsa ya sayar ya saye ta, wataƙila ta marayu ce. Haka nake faɗa wa mai shagon da ke ba da jabu da sunan asali, da bakaniken da ya gani ya yi shiru don an sa masa nasa kason.

In ka samo mai kyau, kada a lalata ta wajen ɗaurawa. Ka tsaya a kai. A tabbatar tsohuwar robar baki ta fito tare da tsohuwar filta, domin in ta maƙale aka ɗora sabuwa a kanta, roba biyu za su fashe a hanya mai ya tsiyaye cikin 'yan mintoci. A goge wurin da tsumma mai tsabta, ba wanda aka ɗauko daga ƙasa ba. A shafa wa sabuwar robar ɗan mai, a murɗa da hannu har ta taɓa, sannan a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye, ko yadda aka zana a jikin gwangwanin. Sarƙa da sifana na kwancewa ne. A tayar da inji ba tare da taka totur ba, a jira fitila ta mutu, a leƙa ko akwai yoyo, a kashe, a sake duba sanda. Injunan Scania da wasu na DAF suna da mataci na biyu mai juyawa da ke wurga dauɗa gefe, shi ma yana da ranarsa, kada a manta da shi. Filtar iska kuwa ita ce ƙofar gari. Wanda ke buga ta a jikin taya, ko ya huda ta don mota ta "sha iska", ya tara wa filtar mai aikin da ba za ta iya ba.

Lokacin juye da kamfani ya rubuta kashi biyu ne, na aikin sauƙi da na aikin wahala, kuma ƙura da nauyi da doguwar tsayuwa inji na aiki duk suna cikin na wahala, wanda sau da yawa rabin na farkon ne. Namu ke nan. Duk juye da sabuwar filta, kada ka yarda da masu cewa tana yin biyu. Tarakta da awa ake lissafa mata, yawancin tsofaffin injunan Perkins da ke cikin Massey Ferguson awa 250 ne. Ƙananan injunan ban-ruwa irin Honda GX da masu noman rani ke ja a Watari ba su da filtar mai sam, saboda haka juye kawai ke cetonsu: awa 20 na farko in sabo ne, daga nan kada ya wuce awa 100.

Ka riƙa tafiya da filta guda ta ajiya a cikin kwalinta, a ƙulle a leda, da galan ɗin mai irin wanda ke cikin injin, domin wanda ya lalace a Gidan Mutum Ɗaya da tsakar dare ba shi da zaɓi, abin da aka miƙo masa shi zai karɓa. Ranar da jar fitilar mai ta kama kana tafe, ko allurar geji ta faɗi, kada ka ce bari in lallaɓa zuwa gari na gaba. Ka sauka gefen titi, ka kashe inji nan take, ka sa duwatsu a taya da ganye a baya, ka duba sanda da gindin filta, sannan ka kira maigida ka gaya masa abin da ka gani.